Tsohuwa a Layi na Biyu

Ranar da Auta ta fara ganin Injiniya, kwance yake a ƙasan ɗakin saba, inda babbar kwamfutar kamfani take, rabin jikinsa a bayan kantar wayoyi, yana jawo mushen ɓera ta wutsiya.

Ƙorafi ne ya kawo ta. Kwamfutarta a ofishin karɓar oda na kamfanin rarraba magunguna sai ta yi minti ashirin kowace safiya kafin ta buɗe, aka ce mata an ɗauki sabon injiniya. Tana tura ƙofar wari ya tare ta. Ƙasusuwan kaza, ɓawon ayaba da ya yi baƙi, robobin abinci masu fumfuna, ga kyankyasai suna harkarsu a kan wayoyi. Auta kuwa irin mutanen nan ce da ke goge cokali sau biyu ko a gidansu. Ta toshe hanci da mayafi.

"Sannu," in ji shi, ya miƙe da ɓeran a hannu. "Me zan yi miki?"

"Ka fara da nisantar da wannan abin daga gabana."

Ya yi dariya. "Ba laifinki. Wannan ba ɗaki ba ne, juji ne."

Ta fita da gudu ta wanke hannu, alhali ba ta taɓa komai ba. Abin haushi, dariyar tasa ta bi ta har tebur.

Ɗakin nan aikin babanta ne. Shekara goma sha takwas Baba yana kula da kwamfutocin kamfanin kafin ya yi ritaya, kuma shi ya haɗa sabar da hannunsa, wato babbar kwamfutar da sauran arba'in ke komawa gare ta don shiga da ɗauko fayil. Tsohuwa yake kiranta, yana maganarta a gida kamar 'yar uwa. Bayan tafiyarsa Mataimakin Manaja ya gano cewa ɗakin ya fi ko'ina sanyi, sai ya mayar da shi wurin cin abincin rana, abin da ya rage ya cilla bayan kantar. Mutumin da ke wanka da turare kenan, har ana jin zuwansa tun daga matakala. Kuma ya daɗe yana kai wa Baba gaisuwa saboda Auta. Tir!

Kwana uku Injiniya ya yi yana kwashe shara. Ya kafa sabuwar saba, sannan ya zo teburin Auta ya buɗe manhajar da yake sarrafa kwamfutocin da ita.

"Kin ga wannan jerin? Kowace kwamfuta tana duba shi ta san wace saba za ta fara nema. In ta farko ba ta amsa ba, ta wuce ta biyu. Taki sai rarrashin Tsohuwa take yi, ita kuma ƙura ta shaƙe ta."

"Ka wanke hannu kafin ka taɓa min madannai?"

"Sau uku, ranki ya daɗe."

Washegari kwamfutar ta buɗe kafin ta ajiye jaka. Da rana saƙo ya shigo: "Barka da aiki, Sarauniyar Tsafta. A nawa jerin suna ɗaya ne kawai, ba na biyu. In ba ki amsa ba, haka zan yi ta jira."

Ta karanta sau huɗu kafin ta rubuta: "Allah ya shirye ka, Mai Ɓera. Na amsa."

Wata biyu suna haka, saƙo da safe, hira a bakin ƙofa da yamma. Hannu dai ko takarda zai miƙo mata sai ta tambaya ko ya wanke. Da ya gane 'yar wanda ya haɗa Tsohuwa ce, ya riƙe kai ya ce ashe surukarsa ya yi kwana uku yana gogewa.

Mataimakin Manaja bai ji daɗi ba. An hana shi ɗakin sanyi, ga shi ana neman raba shi da Auta. Ya je gida ya zauna kusa da Baba, turarensa ya cika falo har Umma ta buɗe taga.

"Baba, ban so in faɗa ba. Yaron nan ya goge Tsohuwa daga jeri. Ya ce aikinka juji ne. Ƙarshen wata za a jefar da ita."

Da ya tafi Baba ya kira Auta. "Wanda ya kira aikina juji ba zai taka min gida ba. Kin ji ya faɗa ko ba ki ji ba?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ji kalmar da kunnenta ranar farko, kuma ba ta iya yi wa Baba ƙarya. "Na ji, Baba."

Ta shiga ɗaki ta yi kuka, haushin Injiniya da haushin kanta suka haɗu. Ya turo saƙo: "Autata, lafiya? Kwana biyu shiru. In laifi na yi, ki gaya min sunansa." Ba ta amsa ba. A ofis in ta hango shi sai ta juya.

Ranar Litinin Baba ya sa hularsa ya ce tare za su tafi. Ya ɗauko tasi, zai kwaso Tsohuwa da kansa kafin a haɗa ta da ƙasusuwan kaza.

Suka tura ƙofar ɗakin, Baba ya tsaya cak. Ƙasa na sheƙi, wayoyi an ɗaure su layi-layi da lamba. Tsohuwa tana nan fes, fitilunta na ƙiftawa da sauri. Sabuwar sabar kuwa a mace take, an zare wayarta, an jona butar dafa shayi a gurbinta. Kusa da ita Mataimakin Manaja ne zaune da kofi da burodi, ɓarɓashi a cinyarsa. Ashe yana da nasa makullin, kuma soket ɗin da ya saba jona butarsa ne.

Baba bai kula shi ba, ya miƙa hannu zai kashe Tsohuwa.

"Baba, don Allah kada ka taɓa!" Injiniya ne ya shigo yana haki. "Duk kamfanin a kanta yake yanzu. Minti goma kenan da sabuwar ta ɗauke."

Ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya juyo masa da allo. Baba ya gyara tabarau ya karanta jerin. Layi na ɗaya, sabuwa. Layi na biyu, Tsohuwa, da sunanta haka. Daga ofis ana jiyo ƙarar madannai, ba wanda ma ya san wani abu ya faru.

"An ce ka goge ta."

"In goge ta? Baba, ɗakin na kira juji, kuma juji na tarar. Amma da na buɗe cikinta ban sami fayil ɗaya da ba a wurinsa ba. A tsarinka na koyi yadda kamfanin yake. Fanka kawai na sauya mata."

Baba ya juya ya dubi Mataimakin Manaja, daga ɓarɓashin cinyarsa har butar. Kallon ƙyama ne sosai, irin wanda Auta ta gada. "Kai ne mai cin abinci a nan?"

Mutumin ya tashi ya fita, ya bar butarsa tana tafasa. Auta ta ɗauke ta da takarda ta ajiye a waje, Injiniya ya mayar da wayar sabuwar saba.

Baba ya ja kujera. "Ɗan nan, ka yi kuskure ɗaya. Kwamfutocin sito na ƙasa wayarsu kai tsaye take zuwa wurin Tsohuwa. Su ita ya kamata su fara nema, sabuwa ta huta."

Injiniya ya duba, ya ga gaskiya ne. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa suna gyara jerin, tasi na jira a waje har direba ya gaji ya tafi. Da suka gama Baba ya ce, idonsa a kan allo, "Ka gaya wa manyanka ina gida ranar Asabar."

Auta ta fita baranda ta rubuta: "Ka yafe min, Injiniyana. Na ji rabin magana na yanke hukunci."

"Na ce miki zan jira, Autata."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Baba ya sa musu albarka har muryarsa ta karye, ya roƙi Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, ya sa kada ɗayansu ya kira ɗaya ya ji shiru. Umma ta ce amin tana share ido.

Da mota ta tsaya a ƙofar sabon gidansu, Injiniya ya miƙo mata hannu, sai ya tuna ya janye. "Bari in wanke tukuna."

Auta ta kamo hannun ta riƙe gam. "Bar shi haka."