Jinin Raguna a Kwatar Kassalafam

Kwana tara kafin Babbar Sallah, magana ɗaya ake yi a unguwar New Bell: allurar Dakta Rakiya ce ke kashe raguna. Sufeto Lauratu ta ji ta a tasi, ta ji ta a bakin yayarta. Ba ta sami wanda ya gani da idonsa ba.

Ran Juma'a da la'asar Dakta Rakiya ta zo komisariya, ofishin 'yan sanda, da kanta. Malamar jami'a ce, shekara ashirin tana binciken cututtukan dabbobi. Ta zauna ba ta ajiye jakarta ba.

"An ɗauke akwatin ƙanƙarata a rumfar 'yan raguna, ina masallaci. Kwalabe arba'in na jini."

"Me jinin zai nuna?"

"Ko annobar tumaki ce. In ita ce, a rufe garken da ta fito. In babu jinin, ni ce annobar. Jami'a ta ce ran Litinin in kawo hujja ko in ajiye aiki."

Ta faɗi haka kamar mai karanta takardar wani.

Asabar da safe aka tsinci kwalaben a wata kwata a unguwar Kassalafam, a farfashe. Sufeto ta jera su a kan kwali. Kowace da takardar sunan mai rago a manne, ban da uku.

"Sunayen wa suka ɓace, Dakta?"

Ta duba littafinta. "Abdulsalami. Abdulƙadir. Abdullahi."

"Da wane rubutu kike yi?"

"Da ajami. Dillalan ba sa yarda da abin da ba za su iya karantawa ba."

Ba yage takardun aka yi ba. An ɓamɓare su a hankali, ko kusurwa ba ta saura ba.

Rabe mai gadin rumfa ya rantse ba wanda ya shiga.

"Kai ina kake?" Sufeto ta tambaye shi.

"Masallaci, madam."

"Wa ka bar wa makulli?"

"Alhaji Jibirilla. Ya ce ƙafarsa na ciwo, ba zai je masallaci ba."

Jibirilla babban dillali ne, dattijo mai carbi. Sufeto ta same shi a rumfar. Ragunansa na tsaye, hanci na zubar majina.

"Lafiya lau suka iso, 'yata. Sai da matar nan ta soke su."

"Takardar lodinka ta ce sittin suka baro Garwa. Takardar shiga gari kuma ta ce hamsin da biyu. Ina takwas?"

"Hanya da nisa."

"Baba, mutumin da zai zubar da jini a kwata amma ya kasa barin sunan Allah a cikinta, ina zai ajiye takardun?"

Ya kai hannu ya gyara hularsa.

"Cire hularka."

Ya cire. Takardu uku, a ninke.

"Na yi niyyar ƙona su," in ji shi. "Ban sami wuri mai tsarki ba."

Wani kurtun ɗan sanda ya kama hannunsa. Dakta Rakiya da ke gefe ba ta dube shi ba, tana ɓare sabon sirinji.

"Maganar allura fa?" Sufeto ta tambaya.

"Ni na fara ta," ya ce. "Tun a mota suke mutuwa. Ita jini kawai ta ɗiba."