Tumatir a Bakin Rafi

Ranar Talata, sati shida da fara yajin aikin gama-gari, aka tsamo gawar Huseini daga kududdufin ƙazanta na bayan gari.

Sufeto Na'Allah ya iso a ƙasa, don motar komisariya, ofishinsu na 'yan sanda, ba ta da mai. Tun rasuwar matarsa aka ɗauke shi daga Sokode, aka jefo shi wannan ƙaramin gari na gefen Dapango.

Huseini shi ne mai gadin kududdufai ukun da tanka ke juye abin da ta zuƙo daga ramukan masai na gari. Ƙazanta ta kwanta a na farko, ruwan ya gangara na biyu da na uku, rana ta kashe cutar, sannan a sake shi rafi. Amma a watan nan amai da gudawa sun kashe yara bakwai a Zango, inda ake shan rijiyoyin bakin rafin. Kuma ba su tsaya ba.

Akwai rauni a ƙeyar mamacin. Kududdufin farko ya bushe har ya tsattsage. A aljihun rigarsa, cikin leda, Sufeto ya sami dashen tumatir biyar da saiwarsu.

Ya tarar da Barakatu, matar mamacin, a bakin zaure.

"Gwaggo, Malam yana da lambu?"

"Lambu? Mutumin da ko hannu ba a ba shi a masallaci saboda aikinsa, wa zai sayi tumatirinsa?"

"Ina ya ce za shi?"

"Ya ce zai bi sawun tanka."

Awudu direban tanka yana wanke taya lokacin da Sufeto ya same shi.

"Kullum a kududdufi nake juyewa, ranka ya daɗe. Jiya ma sau biyu. Ka nemi 'yan zanga-zanga, su ke farautar mu ma'aikatan hukumar gari."

"Sau biyu, a ramin da na ga kaji na birgima?"

"Ai rana ce. Tana shanyewa."

Na'Allah ya bar shi nan. Ya bi rafi ya yi sama, ya wuce rijiyoyin Zango, ya wuce mata masu ɗiban ruwa. A wani lungu ya ga sawun babbar taya, ƙasa baƙa, da tumatir ya tsiro cunkus, kore shar, ba kunya ba shinge.

Ya sa aka kawo Awudu wurin.

"Wa ya shuka?"

"Ina zan sani?"

"Duk garin nan ne suka shuka, kai ka yi dako. Ƙwayar tumatir ba ta narkewa a cikin mutum. Inda aka juye masai, nan take fitowa. Waɗannan sun yi sati biyar."

Awudu ya tsuguna, ya dafe kai.

"Samari sun tare hanyar kududdufi da tayu, sun fasa min gilashi. Ɗaya hanyar kuma soja. Masai ba ya yajin aiki, Sufeto, cika yake yi. Ina zan kai shi?"

"Huseini fa?"

"Nan ya same ni. Ya ce zai kai tumatirin masallacin Zango, ya nuna wa iyayen yaran. Da sun ƙone ni. Sifana na hannuna. Da dare na kai gawar kududdufi." Ya share fuska. "Shi da kansa ya ce min ya je komisariya ranar Asabar. Wai wani babba ya ce ya tsaya daga waje saboda wari, ya dawo in gari ya lafa. Sai na ga babu mai nemansa."

Aka sa wa Awudu ankwa, kurata biyu suka tasa shi gaba. Na'Allah ya aika a rufe rijiyoyin Zango.

Sai ya tsaya shi kaɗai cikin tumatirin. Ranar Asabar shi ne a tebur, yana rubuta rahoto kan ƙona tayu. Ya ji warin, ya ji sallamar tsoho, ya ce ya tsaya daga waje, bai ko ɗaga kai ba.

Abin da ya kamata ya faɗa bai fi numfashi ɗaya ba.

"Shigo, Baba. Zauna."