Tabon da Malam Zainu Ya Ɓoye

"Haka kika hwaɗa wa Kawu Labbo? Gaban mutane?"

Zainulabidin bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga, da Surayya ta fi samun sauƙi. Tana tsaye a zauren gidan iyayenta a Sabon Birni, yau kwananta tara da yin yaji.

Wata biyar mijin nata bai kusance ta ba. Kuma duk bayan sati biyu sai ya ce za shi Sakkwato taron malamai. Da haƙurinta ya ƙare ta kai ƙara wurin kawunta, ta ce ko dai yana da wata a can, ko kuma shi ba namiji ba ne. Maganar ta yi yawo har makarantar da yake koyarwa a garin Isa.

"Malam, ai kai ka ƙi yi mani magana..."

Ya zaro katin asibiti daga aljihu ya miƙa mata, idonsa a ƙasa.

"Tabo ne ya hito mani a gabana, can ciki. Ya yi tauri. In sha'awa ta zo sai abin ya karkace, ga zahi kamar raina zai hita."

"Innalillahi..."

"Ba cutar neman mata ba ce, Surayya. Wallahi ban taɓa cin amanarki ba. Likita ya ce ba sai an yi mani aiki ba tukuna. Allura ake yi mani a cikin tabon, sannan ya ba ni wata na'ura da nake ɗaurawa kullum tana jan wurin a hankali."

Ta duba katin, ta ga na asibitin Sakkwato ne. Ashe shi ya sa yake kulle ɗaki duk la'asar! Ita kuwa tana bugun ƙofa, tana cewa ya gaida wadda yake waya da ita. Kuma hanyar nan ta Sakkwato da kowa ke tsoro saboda 'yan bindiga, ita yake bi shi kaɗai, ya dawo da ciwon allura ya tarar ta juya masa baya.

"Mi ya hana ka gaya mani?"

"Kunya. Na ji tsoron ki dube ni da tausayi."

"Sai na tozarta ka a gari..." Kuka ya ƙwace mata.

Ba ta jira ya lallashe ta ba. Ta shige tsakar gida, ta durƙusa gaban Kawu Labbo da mahaifiyarta Inna Fadima.

"Kawu, ƙazafi na yi wa mijina. Duk wanda ya ji waccan magana daga bakina, za ni bi shi har gida in janye ta."

"To mi ke tsakaninku?" in ji Kawu.

"Wannan sirrinmu ne, Kawu. Laifin dai nawa ne."

Da ta fito da jakarta, yana nan inda ta bar shi.

"Masoyiyata, ki sani, likita ya ce ba lallai ya miƙe duka ba. Kuma sai an ɗauki watanni."

"Ka yahe mani dai."

"Na yahe tun a hanya."

Ta share hawaye da bakin hijabi. "Yaushe allura ta gaba?"

"Laraba."

"To, ka kama mana kujera biyu a mota."