Ruwan Tsohuwar Rijiya

Akwai wata yarinya a Horo Birni, 'yar aji huɗu a firamare. Tana da ƙane ɗan shekara biyu, sunansa Kamal.

A bara gwamnati ta ware kuɗi aka haƙa wa garinsu rijiyar burtsatse. Aka ɗora tanki a sama, aka jera famfo shida. Tun daga nan mai gari ya hana shan ruwan tsohuwar rijiya. Tana bakin mashayar dabbobi ne, ko murfi ba ta da shi.

Ranar Laraba bayan an tashi daga makaranta, Inna ta miƙa wa yarinyar jarka.

"Tafi famfo ki ɗebo mana ruwa, randa ta yi ƙasa."

Da ta isa, sai ta tarar da layi har gindin dogon yaro. Ga rana, ga ƙawayenta can suna carafke suna kiranta. Ta duba dama, ta duba hagu. Sai ta zagaya ta bayan masallaci, ta nufi tsohuwar rijiya. Ta zura gugan makiyaya ta cika jarkar. Ruwan ya fito garau.

"Ai babu wanda zai gane," ta ce a ranta.

Inna ta yi mamakin ganinta. "Har kin dawo? Yau babu layi?"

"Babu, Inna."

Ta juye ruwan a randa, ta ruga wajen wasa.

Ranar Juma'a da safe Kamal ya tashi da amai da gudawa. Kafin hantsi idanunsa sun faɗa. Ko kuka ba ya iya yi sosai. Inna ta goya shi, Baba yana gaba, suka nufi asibitin garin. Yarinyar tana biye da su.

Malama Atika ce ma'aikaciyar lafiya a wurin. Ta duba Kamal, nan da nan ta ɗaura masa ƙarin ruwa. Sannan ta juyo wajen Inna.

"Wane ruwa kuke sha a gida?"

"Na famfo, Malama. Tun da anka kawo shi ba mu taɓa shan wani ba."

Malama Atika ta ce, "In dai haka ne, abin babba ne. Dole in sanar da mai gari a kulle famfon, sai an zo daga ƙaramar hukuma an gwada ruwan."

Baba ya dafe kai. "A kulle? Shekara nawa munka yi muna roƙo kafin a ba mu shi! To mutane su sha mi?"

"Ni ma abin da ke damuna ke nan," in ji Malama Atika. "Wasu tsohuwar rijiya za su koma."

Yarinyar ta tuna jariran maƙwabta. Ta dubi Kamal, ga allura a ɗan hannunsa. Malama Atika ta ɗauki waya za ta kira mai gari.

"Malama, kar ki kira!" Sai yarinyar ta fashe da kuka. "Ba famfo ba ne. Ni ce. Ruwan tsohuwar rijiya na zuba a randa."

Inna ta zaro ido. "Ke! Mi kinka ce?"

"Layi ya yi tsawo, Inna. Na yi miki ƙarya. Kuma na ga ruwan fari tas."

Malama Atika ta ajiye wayar. Ta riƙe hannun yarinyar.

"Ƙwayoyin cuta ba a ganinsu da ido. Kuma ƙananan yara suke fara kayarwa. Kin yi kuskure babba, amma kin kyauta da kinka faɗi gaskiya."

"Kamal zai warke?"

"In Allah ya so. Kun kawo shi da wuri."

Baba bai dake ta ba. Ya ce, "Ɗiyata, tashi mu tafi gida. Ke za ki zubar da ruwan ga da hannunki."

Da suka isa gida, ta kwashe ruwan randar kaf. Ta wanke ta da sabulu har sau uku, hannunta yana zafi. Daga nan Baba ya kai ta ƙofar mai gari, ta durƙusa ta faɗi abin da ta yi. Washegari mai gari ya sa aka yi wa tsohuwar rijiya murfi da kwaɗo.

Ranar Lahadi aka sallami Kamal. Da suka shigo gida, ya zame daga bayan Inna, ya kama hijabin yayarsa.

"Yaya, ƙosai!"

Kowa ya yi dariya, har da Baba.

Inna ta jawo yarinyar jikinta. "Mi kinka koya?"

"Ba kowane farin ruwa ne mai tsabta ba, Inna. Kuma ƙarya tana iya cutar da gari guda. In na yi laifi, zan faɗi gaskiya tun da wuri."

"Allah shi yi miki albarka," in ji Inna. "Ɗauki kwano ki sayo mishi ƙosan."