Lungun da Nafi'u Ya Yi Alkawari

Ku matso kusa. Ku rage murya. Labarin Nafi'u ne, ɗan Inna Kande.

Da, a wani kamfanin zanen gine-gine yake aiki. Shi ya haɗa musu 'yar manhajar da ke juya awo a kwamfuta. Ka ba ta ƙafa, ta mayar maka mita. Da kamfanin ya sami aikin rukunin gidaje a bayan gari, aka ce ya sabunta ta.

Ran nan kowa ya tashi, shi ya tsaya ƙarasawa. Magariba ta kawo jiki. Fanka ta tsaya cak, alhali akwai wuta. Sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma ba damina ba.

"Sannu da aiki, ɗan nan."

Wata tsohuwa ce a bayansa. Ƙofa kuwa a kulle take. Muryar kamar daga cikin rijiya.

"Yawwa, Iya. Wa kike nema?"

"Kai. Filin da za ku gina, muna ciki. Ba mu hana ba. Ka sa a abin nan naka, kowane gida ya rage mana kamu ɗaya ta gabas. Mu sami wurin wucewa."

Ya sunkuyar da kai. Nan ya ga ƙafafunta. Yatsun baya suke kallo.

"Na yi alkawari," ya ce.

Ya kuwa cika. Ya gyara lissafin manhajar. Duk zanen da ya fito, sai ga ɗan siririn lungu ta gabas.

Mai kamfanin, Injiniya Ɗanlami, ya lura. Ya kira shi gaban ma'aikata.

"Wa ya ce ka yanke min fili?"

Nafi'u ya faɗi gaskiya. Ofis ya kwashe da dariya. Aka sallame shi, aka kawo wani ya goge gyaran. Gidaje suka tashi, bango manne da bango.

Kun san abin takaicin? Injiniya lafiyarsa ƙalau, har ƙiba ya yi. Su tsohuwar ba shi suka sani ba. Bakin da ya yi alkawari suka sani.

Wata magariba Nafi'u ya tafi bayan gidajen, don ya ba da haƙuri. Tsohuwar tana tsaye jikin katanga.

"Iya, wallahi ba ni na goge ba."

"Ka toshe mana hanya," ta ce. "Taka ba za ta ƙare ba."

Tun daga ranar tafiya ta daina ƙare masa. Masallacin bakin layinmu, in ya fita da kiran salla, sai an watse yake isa, jiƙe da gumi. Daga ɗaki zuwa randa, sai ya zauna ya huta. An yi addu'a, an je asibiti. Yanzu Inna Kande ke kai masa ruwa, da tsufanta.

Ku ji ni da kyau. In rana ta faɗi, kada wanda ya bi ta bayan gidajen nan shi kaɗai. In kuma an yi muku sannu daga baya, kada ku amsa.