Ciyawar da Ta Tsiro Layi-Layi

Ranar Bikin Ciyawa Tessa Hrabik ta fara ɗora ido a kan Wade Lindqvist, kuma ba a cikin kwalliya ta gan shi ba. Dammunan ingirici yake saukewa daga mota yana jerawa don 'yan kallo su zauna, gumi ya jiƙa shi sharkaf.

"Malam, layinka ya karkace," ta ce, gogenta a hammata.

"Tun da kika iso idona ya karkace. Layin me ya yi?"

Ta harare shi, amma fa ba ta tafi ba. Matan coci da ke yanka burodin masara sun ga komai, kafin a gama gasa nama labari ya zaga.

A makiyayar Orval, uban Tessa, ake bikin nan kowane Yuni. Duk yankinmu na Kansas babu fili irinsa, garma ba ta taɓa shigarsa ba tun kakan kakansa. Marigayiya uwar Tessa ce ta faro bikin: masu zane su kafa allunansu, makaɗa su hau dandamali, mutanen birni su zo su yi ta hawaye a kan ciyawar da shanunmu ke kashi a ciki. Doka ɗaya ta bari: ingiricin zama sai wanda aka yanka a tsohuwar makiyaya.

Da Tessa ta ja goge a yammacin nan, Wade ya tsaya baki buɗe har kare ya ɗauke naman da ke hannunsa.

Daga nan sai saƙonni.

"Mai gogena, shanu sun ƙoshi, ni ne ban ƙoshi ba."

"Kaboyina, je ka ci abinci, ka bar ni in yi aiki."

Kusan shekara guda suna haka. Brent ɗan likitan dabbobi, wanda ya daɗe yana kawo wa Orval maganin tsutsa kyauta saboda Tessa, ya rame kamar sandar shinge.

A Afrilu Orval ya sa wa makiyaya wuta kamar kullum, don sabuwar ciyawa ta taso. Ta taso kuwa. Sai dai a gindin tudu wata baƙuwa ta fito tare da ita, lasfadiza, muguwar ciyawar nan da shanu ba sa ci, mai shaƙe duk abin da ke kusa da ita. Wutar da ke gyara makiyaya ita ke tada irinta daga barci. Kuma ba a warwatse ta fito ba. Layi-layi ta fito, tsaf, daidai inda mutane suka zauna bara.

Brent ne ya fara gani, kuma bai tsaya ko ɗaure igiyar takalmi ba.

"Baba Orval, ba gulma na kawo ba, amma wa ya jera kujerun bara? Gonar ubansa ta kwari ai cike take da ita."

Orval ya je ya tsaya a kan layukan, ya cire hula. Tessa ba ta ga ya yi haka ba tun ranar jana'izar uwarta.

Ta kira Wade, ya zo.

"Ka sani?"

"Tess, dammuna ne suka kasa, mutane sun fara isowa. Na ɗebo ragowar daga rumbunmu. Na ce ciyawa ai ciyawa ce."

"Ciyawa ciyawa ce? A nan aka haife ka, Wade!"

"Wallahi ban san da iri a ciki ba."

"Amma ka san dokar Mama."

Ya sunkuyar da kai. Ya sani.

Orval bai ɗaga murya ba. "Yaro, kakannina sun sha yunwa ba su sa garma a filin nan ba. Kai da mota ɗaya ka gama da shi. Kada in ƙara ganin ƙafarka a nan, ko a bakin 'yata in ji sunanka."

Kwamitin biki ya zauna. Matan da suka sha shayi a kicin ɗin uwar Tessa shekara da shekaru su ne suka fara ɗaga hannu: a mayar da bikin wani fili, kada baƙi su kwashi iri a takalma. Aka kai shi filin kawun Brent. Har da aiko wa Tessa gayyata ta zo ta yi goge, don rashin kunya. Ta sa gogen a ƙarƙashin gado.

Saƙon Wade ya shigo: "Ban ce ki yafe ba. Ki dai bar ƙofar shingen arewa ba kwaɗo."

Ba ta amsa ba. Ƙofar kuwa, oho, wai mantawa ta yi.

Duk bazarar nan, da ta bayanta, Wade na durƙushe a gindin tudu da ɗan tankin feshi a baya, yana bin tsiro ɗaya-ɗaya don kada magani ya taɓa furannin asali. Rana ta gasa masa wuya, Orval kuwa ya yi kamar bai gan shi ba. Brent yakan tsaya da mota a bakin hanya ya yi ihu, "Ango, a gaida noma!" Tessa na kallo daga kan doki, tana jin haushinsa, tana jin haushin kanta da take lura ko ya sha ruwa.

Ranar da ake bikin a sabon fili karo na biyu, iska ta riƙa kawo kiɗan har tudunsu. Tessa ta sauka daga doki ta durƙusa kusa da shi.

"Ka tsallake ɗaya, makaho."

"Na bar miki ne, mai gogena."

Ta fashe da kuka, ta kai masa duka a kafaɗa, sannan ta bar hannun a wurin.

A haka Orval ya same su. Ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Ka san irin nan yana shekaru a ƙasa yana jira?"

"Na sani, Baba."

"Ni zan mutu ban ga ƙarshenta ba. Gwiwoyina sun gama. Ɗan ƙodago zai yi wata biyu ya gudu, mai laifi ne kaɗai zai zauna." Ya juya ga 'yarsa. "Kina son sa har yanzu?"

"Ina son sa, Baba. Ban huce ba, amma ina son sa."

"To ni ma ban huce ba. Ku sa rana."

A Satumba aka ɗaura, a ƙaramin cocinmu. Matan kwamiti suka zo da kek da murmushi, suka zauna gaba-gaba, kamar ba su ba. Bikin Ciyawa dai bai dawo ba, har yau.

Da aka ce uban amarya ya sa albarka, Orval ya miƙe da ƙyar, ya dafa kan Tessa, ya daɗe kafin ya dafa na Wade.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya ba ku 'ya'ya masu ƙarfin gwiwa, don aikin zai kai kansu."

Muka ce amin. Wade ya fi kowa ɗaga murya.