Ranar Da Ya Kama Walƙiya

"Ajiye kyamarar nan!" na ce, ina dafe da ƙugu, tsohon ciki ya rinjaye ni.

Mijina ko juyowa bai yi ba. Idonsa na kan taga, inda hadari ya haɗo baƙi ƙirin, gefensa kamar an shafa zinare.

"Walƙiyata, dubi wannan fa... Irinsa sai a shekara ba a gani ba. Saman dogon benen can kawai zan hau."

"Tun safe bayana ke sarawa!"

"Likita ta ce da saura. Ga waya a aljihuna, ƙara ɗaya za ta yi ki gan ni."

Ya sumbaci goshina, ya saɓa ƙafafun kyamara, ya zari makullin mota ya fice.

Hadari ne ya haɗa mu. Ranar da ya zo neman aurena Abba ya ce, "Mutumin da in kowa na gudu gida shi yake gudu waje, shi za ki aura?" Kuka na yi ta yi har ya haƙura.

Shi ya koya min son sama. Ya nuna min yadda ake barin idon kyamara a buɗe har walƙiya ta zo ta zana kanta, da yadda yake naɗar rugugin tsawa da waya, tunda ita sai daga baya take isowa. Wata rana kirana ya katse masa tsawar da ya daɗe yana farauta. Ni da kaina, ina dariya, na nuna masa alamar jirgin nan ta waya mai hana kira shigowa. "Danna wannan, masoyi, ba mai damunka."

Ruwa na kecewa naƙuda ta taso. Sai jini.

Na kira shi. Ba ta shiga. Na sake, na sake... A nan na tuna alamar jirgi, na ji sanyi har ƙashina.

Yayana na kira. Titi ya zama kogi, ba tasi ko ɗaya. A ƙafa ya iso, ya sungume ni har bakin babban titi, yana ihu yana tare motoci.

A asibiti na haihu. Namiji ne. Bai yi kuka ba.

Umma ta zazzage jakar haihuwa tana hawaye. "'Yar nan, ina farin tawul ɗin da na saya masa?"

Kafin na amsa ƙofa ta buɗe. Mijina ne, jiƙe sharkaf, rungume da kyamara a ƙirji. Ya naɗe ta tsaf cikin farin tawul mai zanen 'yan agwagi.

Yaya ya shaƙo wuyan rigarsa. "Yanzu ka ga damar zuwa, ɗan iska?"

"Sake shi," in ji Abba, a hankali.

Mijina ya durƙusa gaban gadon. "Hasken raina, wallahi mantawa na yi... na ce minti kaɗan ne..."

"Nuna min."

"Me?"

"Abin da ka samo. Nuna min!"

Ya kunna bidiyon da ya ɗauka. Wayyo! Sama ta tsage daga ƙarshe zuwa ƙarshe, walƙiya ta yi rassa kamar jijiyoyin ganye, ruwan hoda da fari, garin duka ya haska kamar an wanke shi. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba, kuma wannan ne ya fi ƙona min rai. Can ƙasa-ƙasa muryarsa na dariya: "Na samu! Na samu!"

"Ya yi kyau," na ce. "Ka samu. Ko ɗigo bai taɓa kyamarar ba, ko?"

Ya girgiza kai yana kuka.

"To ba Umma tawul ɗin. Tun ɗazu ake neman abin da za a rufe ɗanka."

Ya warware shi da kyar ya miƙa.

"Ki yafe min... na rantse na bar ta har abada."

Saura ƙiris na yarda. Sai sama ta sake haskawa a bayan labule, idonsa ya zame zuwa taga. Ƙiftawa ɗaya ce kawai, amma na gani.

Na juya fuskata ga bango.

"Abba, in an sallame ni, gidanka za mu."